Jaz a Majigi da Idon Ɗan Damagaram

A watan Fabrairun 1917, lokacin da Zinder ke zaman hedikwatar mulkin sojan Faransa a Nijar, hankalin gari yana arewa. Kawsan ya tsare sojojin Nasara a barikinsu na Agadas tun Disambar da ta gabata, kuma daga Damagaram rundunar da za ta kai musu ɗauki ta tashi. A cikin wannan watan ne, can birnin New York, wasu samari biyar ƴan New Orleans suka tsaya gaban na'urar ɗaukar sauti suka buga kiɗan da ya zama faifai na farko da aka sayar wa duniya da sunan jaz. Sunan ƙungiyarsu Original Dixieland Jass Band, kuma dukkansu farar fata ne. Baƙaƙen da suka haifi kiɗan ba su shiga ɗakin ba. Buddy Bolden, mai busa ƙahon da tsofaffin New Orleans ke cewa shi ne mafari, yana gidan masu taɓin hankali tun 1907, kuma can ya rasu a 1931. Ba a da faifansa ko ɗaya. Hoto guda tak ya rage, yana tsaye cikin abokan kiɗansa.

Tun daga ranar farko ke nan aka raba sautin jaz da fuskar masu shi. Tarihin finafinan da aka yi a kan wannan kiɗa, a ganina, tarihin ƙoƙarin mayar da fuskar nan ne wurinta, kuma mutumin da ya tashi yana kallon makaɗan fada a ƙofar gidan Sarkin Damagaram ranar hawan Sallah ya fi mutane da yawa shirin gane abin da kyamara ta kama.

New Orleans gari ne na bakin kogin Mississippi wanda Faransa da Sifen suka riƙe kafin Amurka ta saye shi a 1803. A farkon ƙarni na 19 an bar bayi su riƙa taruwa ran Lahadi a wani fili da ake kira Congo Square, suna kiɗan ganga da rawa, abin da aka hana a wurare da dama. A Carolina ta Kudu, alal misali, doka ta haramta wa bayi ganga tun 1740, bayan boren bayi na Stono. Da aka soke bauta a 1865, sai kayan badujala suka shiga hannun ƴantattu. Suka haɗa tafiyar soja da waƙoƙin coci da kukan zuci na gonakin auduga wanda ake kira buluz, suna raka gawa maƙabarta da kiɗa mai sanyi, su dawo da mai zafi. Daga wannan tukunya jaz ya fito. Gininsa ba baƙo ba ne ga kunnenmu. Makaɗa sukan fara da karin da kowa ya sani, wato gindin waƙa. Sai kowane mai busa ko mai kaɗi ya fito shi kaɗai ya ɗora nasa ɗan waƙar, yana ƙulla shi nan take, sauran suna riƙe masa ƙasa kamar ƴan amshi. In ya gaji ko ya ƙare zancensa, ya miƙa wa na gefensa. Daga ƙarshe a koma gindi a rufe. Wanda ya saurari Narambaɗa ko Shata ko Ma'azu Ɗan Alalo ya san cewa gwanintar ba a gindin take ba, tana cikin abin da jagora ya yi da shi yau wanda bai yi jiya ba.

Silima ba ta karɓi masu wannan fasaha da mutunci ba. Fim ɗin da ya buɗe zamanin majigi mai magana a 1927 sunansa The Jazz Singer, amma jaruminsa, Al Jolson, Bature ne da ke shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata. A 1929 aka yi gajerun finafinai biyu masu daraja: St. Louis Blues, wanda shi kaɗai ne hoton Bessie Smith mai motsi da ya rage a duniya, da Black and Tan na Duke Ellington. Shekara uku bayan haka aka sa wa Louis Armstrong fatar damisa, aka tsayar da shi cikin kumfar sabulu a wani fim mai suna A Rhapsody in Black and Blue. Duk wanda ya kalli wannan sai ransa ya ɓaci, amma in ya rufe ido ya saurari ƙahon, zai ji mutumin da shigar wulaƙanci ba ta taɓa fasaharsa ba. A 1933 wasu ƴan Denmark suka ɗauke shi a Kopenhagen sanye da kwat, yana jagorantar ƙungiyarsa, yana gabatar da kansa da bakinsa. Mintoci kaɗan ne, amma can ne ake ganin Armstrong na gaskiya yana ɗan shekara 32. Har a 1947, da Hollywood ta yi fim mai suna New Orleans, matsayin da ta ga ya dace da Billie Holiday shi ne na ƴar aikin gida. Kada mu yi saurin nuna yatsa. Mu ma a nan mun san gidajen da ake yi wa makaɗi kyautar doki da babbar riga da safe, da yamma a hana ɗansa auren ƴar gidan.

Sauyi ya fara ne da wani mai ɗaukar hoto, Gjon Mili, wanda a 1944 ya yi fim na minti goma, Jammin' the Blues. Babu labari, babu barkwanci. Makaɗa ne kawai cikin haske da inuwa, Lester Young da hularsa da hayaƙin tabarsa da saksofon ɗinsa a karkace. Akwai Bature guda cikinsu, mai jita Barney Kessel, sai aka ɓoye shi cikin duhu don kada masu silima na kudancin Amurka su ga fari da baƙi suna kiɗa tare. Ko a fim ɗin da ya mutunta kiɗan, wariya tana zaune a gefe.

In za a ce in zaɓi abu guda in nuna wa wanda bai taɓa son jaz ba, ba zan wuce shirin talabijin na tashar CBS na ranar 8 ga Disamba, 1957 ba, mai suna The Sound of Jazz. Kai tsaye aka watsa shi. An ce wa makaɗa su zo da tufafinsu na yau da kullum, ba a ƙawata ɗakin ba, har kyamarori ana gani suna kai da komo. Billie Holiday ta zauna kan doguwar kujera, manyan masu busa suka kewaye ta: Ben Webster, Coleman Hawkins, Roy Eldridge, Gerry Mulligan, da Lester Young. Ita da Lester aminai ne tun shekarun 1930, shi ya laƙaba mata Lady Day, ita ta laƙaba masa Prez, amma sun daɗe da yin nisa da juna, kuma a ranar ba shi da lafiya. Da layi ya zo kansa sai ya miƙe ya busa zagaye ɗaya kacal, a hankali, ba gaggawa, ba nuna ƙarfi. Mai kyamara ya yi abin da ya sa ake tunawa da shirin har yau: ya bar mai busa, ya juya kan fuskar mai saurare. Ana ganin Billie tana gyaɗa kai tare da kowace gaɓa, idonta na kansa, girarta na ɗagawa in ya kai wata kwana da ta gane, murmushi na zuwa yana komawa. A faifai za ka ji busa mai daɗi ta ƙasa da minti guda. A majigi kuwa za ka ga mutum biyu suna gama wata tsohuwar magana a gaban jama'a ba tare da kalma ba. Lester ya rasu a Maris 1959, Billie ta bi shi a Yulin shekarar, tana da shekara 44.

Wannan shi ne abin da nake nufi da idon ɗan Damagaram. Kiɗan fada ba a taɓa raba shi da kallo ba. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa a garin, ya rasu a 1884, fadar Zinder ta tara al'adun Barno da na Hausa wuri guda, da kakaki da algaita da ganguna. Yaron da ya kutsa cikin taro a ƙofar fada ba sauti kaɗai yake koya ba. Yana ganin yadda masu kakaki ke ɗaga dogayen ƙarafansu tare su sauke tare, yadda mai ganga ke sauya take da zarar ya hango wani basarake ya karyo kwana, yadda maroƙi ke jefa kirari daidai gurbin da busa ta bar masa. Yana kuma ganin kumatun mai algaita a kumbure, yana ajiye iska a baki, yana shaƙar sabuwa ta hanci, sauti bai yanke ba. Rahsaan Roland Kirk, makahon mai busa ɗan jihar Ohio, ya mallaki wannan dabara ta numfashi, har yakan sa kayan busa uku a baki lokaci guda. Masu sharhi na zamaninsa da yawa sun ɗauke shi mai wasan burga. Amma wanda ya kalli The Case of the Three Sided Dream, fim ɗin da Adam Kahan ya yi a kansa a 2014, in dai ya san mai algaita, ba zai ga burga ba. Zai ga horon shekaru, zai kuma san wahalar da ke cikin wuya da ƙirjin mutumin.

Hanyar da ta haɗa jaz da silima da Nijar ta bi ta Paris. Tun a farkon 1918 badujalar sojojin baƙar fata ta James Reese Europe ta sauka Faransa, kuma daga nan birnin ya zama mafakar makaɗan da wariya ta ishe su a gida. Kwana huɗu kafin shirin CBS da na ambata, a daren 4 ga Disamba, 1957, Miles Davis ya shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a Paris tare da makaɗa huɗu. Aka riƙa haska musu sassan fim ɗin Louis Malle, Ascenseur pour l'échafaud, suna kallo suna ƙulla kiɗan a take, kafin gari ya waye sun gama. A cikin matasan Paris da suka tashi da son wannan kiɗa akwai Jean Rouch, injiniyan da ya zo Nijar a 1941 aikin hanya, ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar fim a ƙasar, har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Rouch ya sha kwatanta aikinsa da na makaɗan jaz: ba rubutaccen tsari, kyamara a kafaɗa, kana amsa abin da na gabanka ya yi. Da haka ya yi Moi, un noir a Abidjan, inda Oumarou Ganda ya ƙulla maganarsa da kansa a kan hotunan, kafin ya zama babban darakta ya ci kyautar FESPACO a 1972. Da haka kuma ya yi Tourou et Bitti a 1971 a ƙauyen Simiri na Zarmaganda: ɗauka ɗaya ba yankewa, kusan minti goma, yana tafe da ƙafa cikin fili zuwa wurin tsofaffin ganguna biyu da fim ɗin ya ɗauki sunansu. Akwai abin faɗa game da Rouch, kuma ƴan Afirka irin su Sembène Ousmane sun faɗa masa a fuska cewa yana kallonmu kamar ƙwari. Duk da haka dabarar da ya koya daga jaz, ta sauraro kafin motsi, ta shiga jinin silimar Nijar.

Armstrong da kansa ya taka ƙasar Afirka a Mayun 1956, kuma kyamara ce ta kawo shi. Ɗan jarida Edward R. Murrow ne ya shirya ziyarar Accra don fim ɗin da ya fito a 1957 da sunan Satchmo the Great. Ana ganin dubban mutane sun tarbe shi, makaɗan highlife irin su E. T. Mensah suna busa masa maraba, ga Kwame Nkrumah zaune yana sauraronsa, saura ƙasa da shekara Ghana ta sami ƴanci. A 1956 ɗin ce kuma gwamnatin Amurka ta fara aika makaɗan jaz ƙasashen waje a matsayin jakadu, Dizzy Gillespie ne na farko, don ta nuna wa duniya, musamman a gaban Tarayyar Sobiyet, cewa baƙar fata na da daraja a ƙasarta. Makaɗan sun san akwai ƙarya a ciki. A 1957, da aka hana yara baƙaƙe tara shiga makaranta a Little Rock, Armstrong ya fito ya soki Shugaba Eisenhower da kakkausar murya, ya fasa tafiyar da ake shirya masa zuwa Sobiyet. Fim ɗin The Jazz Ambassadors na 2018 ya bi diddigin wannan tsaka mai wuya.

A Oktoban 1960, wata biyu da ƴancin Nijar, makonni kaɗan da na Najeriya, Armstrong ya dawo wata doguwar ziyara. Akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, suna dariya. Daga Najeriya tafiyar ta kai shi Léopoldville, babban birnin Kwango, ranar 28 ga watan, inda aka ɗauke shi bisa kujera aka shiga da shi filin wasa, alhali Firayim Minista Patrice Lumumba yana tsare a gidansa cikin garin. An kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu, 1961. A Fabrairu, mawaƙiya Abbey Lincoln da mai ganga Max Roach suna cikin waɗanda suka kutsa zauren Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya suna ihun rashin amincewa. Wannan ne zaren da Johan Grimonprez, ɗan Beljiyam, ya ja a fim ɗinsa na 2024, Soundtrack to a Coup d'Etat, wanda ya kai matakin ƙarshe na takarar Oscar. Hujjarsa ita ce an yi amfani da ƙahon Armstrong a matsayin labule yayin da ake ƙulla makirci a bayansa. Fim ne mai tsawo, sa'o'i biyu da rabi, wanda aka yanka hotunansa bisa bugun ganga, kuma mutumin Zinder, garin da ya san yadda aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa a 1906 aka kai shi gudun hijira bisa zargin makirci, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Saboda haka kallon waɗannan finafinai na buƙatar a riƙa tambayar wa ke riƙe da kyamara, wa kuma ke riƙe da almakashi. Babban shirin Ken Burns na 2001, Jazz, kashi goma ne, kusan sa'o'i 19, kuma babu inda za ka sami tsofaffin hotuna a tattare kamarsa. Amma duk abin da ya faru daga 1961 zuwa ƙarshen ƙarni an cusa shi cikin kashi na ƙarshe, kamar kiɗan ya tsufa a daidai lokacin da ya juyo yana kallon Afirka. Bird na Clint Eastwood, na 1988, ya ba da lokaci mai yawa ga ƙwaya da giyar da suka kashe Charlie Parker yana ɗan shekara 34, ya ba da kaɗan ga sa'o'in da ya kwashe yana horar da yatsunsa. Na fi son Round Midnight na Bertrand Tavernier, na 1986, don ya ba makaɗi na gaske, Dexter Gordon, babban matsayi, kuma kiɗan da ake ji a wurin ɗauka aka buga shi.

Wanda ya fi tona asirin almakashi shi ne Alain Gomis, darakta mai tushen Senegal. A rumbun ajiyar talabijin ɗin Faransa ya tarar da ɗanyun hotunan wata hira da aka yi da Thelonious Monk a Paris a Disambar 1969, har da sassan da aka zubar. Daga cikinsu ya gina Rewind & Play a 2022. Mai hira ya tambayi Monk game da zuwansa na farko Paris a 1954. Monk ya amsa cewa shi ne aka biya mafi ƙarancin kuɗi. Mai hirar ya ce a cire wannan, ya sake tambaya, Monk ya sake ba da amsar, aka sake cewa a cire. Gumi na zuba daga fuskarsa ƙarƙashin fitilu, ana ta maimaita tambaya don a sami amsar da ake so. Shekara da shekaru an ce Monk mutum ne mai wuyar sha'ani wanda ba ya magana. Gomis bai ƙara sharhi ko ɗaya ba. Ya dai bar mu mu ga cewa ya yi magana, ba a so abin da ya faɗa ba ne. Da aka ƙyale shi ya juya ga fiyanonsa, sai ya buga abin da ya fi duk hirar bayani.

Akwai tambayar da kan taso duk inda aka yi zancen jaz a ƙasarmu: shin asalinsa namu ne? Masana sun taɓo batun. Paul Oliver a 1970, sannan Gerhard Kubik a littafinsa Africa and the Blues na 1999, sun nuna cewa salon buluz, da jan murya da lanƙwasa ta da rakiyar kayan tsirkiya, ya fi kama da kiɗan yankin sabana na Musulmi, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da Kamaru, fiye da gangunan bakin teku. Kubik har ya kawo misalin masu goge Hausawa. Martin Scorsese ya bi wannan sawu a Feel Like Going Home na 2003, inda mai jita Corey Harris ya tashi daga Mississippi ya je Niafunké wurin Ali Farka Touré. Wanda ya ɗora gurmi kusa da tsohon banjo na ƙwarya zai ga dangantaka da idonsa. Amma kama ba mallaka ba ce. Jaz na waɗanda suka ƙera shi ne cikin bauta da wariya a Amurka, kuma bai dace mu karɓe musu shi da sunan zumunci ba.

In ma za mu nemi namu kason na wannan tarihi, ba mai daɗi ba ne. Damagaram ta yi arziki a ƙarni na 19 da ayarin Sahara, kuma cikin kayan da ke fita daga Zango zuwa Ghat da Tarabulus har da mutane. Dorugu, yaron Dambanas kusa da Kance, wanda mahaifinsa manomi ne mai kiɗan ganga, ta Zinder aka bi da shi a matsayin bawa zuwa Kukawa. Shi ya yi sa'a: aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Dubbai ba su bar suna ba. Sun dai bar kiɗa. A Tunis har yau akwai stambeli, wanda waƙoƙinsa ke ɗauke da kalmomin Hausa da Barbarci, kuma Tremearne ya tarar da masu bori Hausawa a Tunis da Tarabulus ya rubuta littafi a kansu a 1914. A Maroko, makaɗan Gnawa na ambaton Hausa da Bambara da Fulani cikin kakanninsu. Da mai fiyano Randy Weston, ɗan Brooklyn, ya zagaya ƙasashen Afirka 14 a 1967 ya zauna a Maroko, wurin Gnawa ya sami abin da yake nema, ya yi shekaru yana kiɗa da su. Jikan waɗanda aka haye teku da su ya sadu da jikokin waɗanda aka haye rairayi da su.

Wanda ya zo mana har gida shi ne Yusef Lateef. An haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta wajen 1950 ta hannun Ahmadiyya, kamar yadda makaɗan jaz da dama na zamaninsa suka yi, irin su Art Blakey da Ahmad Jamal. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin da ya yi kiɗa da Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley ya zauna gaban masu sarewa Fulani a matsayin ɗalibi. Ya yi faifai mai suna In Nigeria a 1983, ya shigar da algaita cikin kayan busarsa, kuma tare da Ziky Kofoworola ya wallafa littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. A 2005 Nicolas Humbert da Werner Penzel suka same shi a gidansa na Massachusetts suka yi Brother Yusef. Dattijo ne shi kaɗai a ɗaki da kayan busarsa, yana magana a hankali game da numfashi da addu'a da abokansa da suka riga shi. Mai kallo daga nan zai ga zaman malamin zaure a jikinsa, zai kuma ji wani abu na dajin Zazzau a cikin sarewarsa. Ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93.

Abin da ke ci mini rai duk lokacin da na kalli irin waɗannan finafinai shi ne yawan abin da suka tsare. Ana iya ganin yadda Monk ke tashi daga fiyano ya yi ta juyi a tsaye yayin da wani ke busa, domin ƴan'uwa biyu, Christian da Michael Blackwood, sun bi shi da kyamara a ƙarshen shekarun 1960, Charlotte Zwerin kuma ta tattara hotunan a Straight, No Chaser a 1988. Hoto guda da Art Kane ya ɗauka na makaɗa 57 a bakin wani gida a Harlem a 1958 ya isa Jean Bach ta gina fim sukutum a 1994, tana bin waɗanda suka rage da rai ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin junansu. Ma'azu Ɗan Alalo, wanda muryarsa ta riƙe tarihin sarakunan Damagaram da wahalhalun zamanin Nasara, ya cancanci a bi shi haka, a ga hannunsa da ƴan amshinsa da yadda yake shirya waƙa kafin ya fito. Malam Maman Barka, ɗan Tesker a jihar Zinder, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya je bakin Tafkin Chadi a 2002 ya koyi kaɗa biram a wurin Boukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin Buduma da ya iya ta, ya kai ta dandalin duniya, ya rasu a Nuwambar 2018. Wannan labari ne da masu fim na jaz da sun yi rububinsa.

Ba masu iyawa muka rasa ba. Mahamane Bakabé ya mayar da labarin tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa na 1906 fim a 1982, Si les cavaliers, daga rubutun André Salifou, masanin tarihin Damagaram. Aïcha Macky, haifaffiyar garin, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da samarin da kowa ke tsoro har suka sake da ita, ta fito da Zinder a 2021, fim ɗin da ya zagaya bukukuwan duniya. Jitar Agadas ta sami nata finafinan, na Bombino a 2010 da na Mdou Moctar a 2015. Kuma akwai wanda ya riga ya nuna yadda za a yi da waƙar Hausa. Sani Magori, ɗan Galmi, ya nemo Zabiya Husai, tsohuwar mawaƙiyar da a ƙuruciyarta waƙoƙinta ke zuga samari su bar gida su tafi ci-rani bakin teku, cikinsu har da mahaifinsa, wanda ya tafi Abidjan ya daɗe bai dawo ba. A fim ɗinsa Koukan Kourcia, wato Kukan Kurciya, na 2010, ya roƙe ta ta bi shi har can, ta ƙulla sabuwar waƙa ta kiran waɗanda tsohuwar ta kora. Ta yarda, ta hau mota da tsufanta, ta ratsa ƙasashe, ta tsaya gaban ƴan ci-ranin Nijar a Abidjan ta rera musu.